Kartaj ta ajiye makami kafin a ƙone ta

Wata Asabar da daddare, a teburin mai shayin bakin layinmu, ɗan maƙwabcina da ya gama jami'a bara ya turo mini wayarsa har ya kusa kifar mini da kofi. "Kawu, don Allah kalli wannan. Ka ga namu! Ɗan Afirka ne ya sa Turawa kuka tun kafin a san bindiga." Bidiyo ne na minti goma sha wani abu da aka haɗa da kwamfuta: giwaye na takawa a kan ƙanƙara, wani jarumi mai ido ɗaya bisa doki, ga gawarwakin Rumawa birjik. Hanibal ke nan, sarkin yaƙin Kartaj. Na kalla har ƙarshe, shayina ya huce. Bidiyon ya tsaya a yaƙin Kanne, inda Hanibal ya ragargaza Rumawa a Italiya. Na ce masa, "To, daga nan sai aka yi yaya?" Ya ce, "Ai shi ke nan, Kawu, ya gama da su." Mai shayi, wanda ban zaci yana jinmu ba, ya juya ƙwai a kasko ya ce, "In ya gama da su, me ya sa kowa ya san Rum amma ni ban taɓa jin sunan garinsu ba?"

Wannan tambaya ta fi bidiyon nauyi. Labarin ya ci gaba har shekara 70 bayan Kanne, kuma ya ƙare ne da birnin su Hanibal yana ci da wuta, mutanensa a ɗaure ana kai su kasuwar bayi. Abin da nake so in faɗa shi ne: ƙone Kartaj da Rumawa suka yi zalunci ne tsagwaronsa da aka lulluɓe da rigar tsaro, kuma duk wanda ya tsaya yana tafa wa giwaye a kan tsauni ya bar wurin da ya kamata ya zuba ido. Wurin yana can gaba, lokacin da mai rauni ya bi duk sharaɗin da aka gindaya masa, ya biya bashi, ya miƙa 'ya'yansa, ya miƙa makamansa, sannan aka ce masa ya tashi.

Shekarun da zan ambata duk na kafin haihuwar Annabi Isa ne, Alaihis Salam, don haka raguwa suke yi, 264 ta riga 146. Kuma waɗannan Rumawa ba su ne na Suratur Rum ba. Na cikin Alƙur'ani magadan daular ne da ke mulki daga Ƙusɗanɗiniya, tsakaninsu da waɗannan akwai wajen shekara 800. Namu na wannan labari Rumawan birnin Rum ne na Italiya, tun ba su da sarki, majalisar dattawa ke juya su tare da shugabanni biyu da ake zaɓa duk shekara.

Kartaj kuwa kangonta na nan a gefen birnin Tunis. Fatake ne daga birnin Sur na ƙasar Labanon ta yau suka kafa ta, bisa riwaya a shekara ta 814. Sunanta a bakinsu Ƙart Hadasht, wato sabon birni, kuma wanda ya yi makarantar allo ya ɗan taɓa Larabci zai ji ƙamshin "ƙarya" (gari) da "hadisa" (sabuwa) a ciki, don harsunan 'yan uwa ne. Laƙabin gidan su Hanibal, Barka, walƙiya yake nufi, irin "barƙ" ta Larabci. Ƙarshen sunansa kuma Ba'al ne, gunkin nan da Annabi Ilyasu ya yi wa mutanensa faɗa a kansa. Mutanen teku ne da ciniki: azurfa daga Sifaniya, hatsi, man zaitun, rinannen tufa. Wani matuƙinsu mai suna Hanno ya bi gaɓar yammacin Afirka da jirage ya nausa kudu. Aristotal, masanin nan na Girka, da kansa ya yaba tsarin mulkinsu.

Yaƙi na farko, daga 264 zuwa 241, a kan tsibirin Sisili aka yi shi. Rumawa manoma ne, ba su san teku ba, sai suka sami wani jirgin Kartaj da ya kafe a gaɓa suka kwaikwayi ƙirarsa, suka ƙara masa wata gada mai ƙugiya da ake sakowa a kan jirgin abokin gaba, yaƙin ruwa ya koma na ƙasa. Guguwa ta cinye musu rundunonin jirage ɗungurungum ba sau ɗaya ba, suka sake ƙerawa. Shekara 23 ana abu ɗaya, har Kartaj ta gaji ta bar Sisili, ta yarda ta biya talanti 3,200 na azurfa. Talanti ɗaya ya kai kilo 26.

Abin da ya biyo baya shi ne ya fara nuna halin Rum. Kartaj da sojan haya take yaƙi, kuma da aka dawo babu kuɗin biyansu. Suka yi tawaye, talakawan Libiya, wato 'yan asalin ƙasar da ke kewaye da Kartaj, da haraji ya ishe su suka mara musu baya, aka shafe shekara uku ana yankan juna. Kartaj na fita daga wannan bala'i da kyar, Rum ta sa hannu ta ɗauke tsibirin Sardiniya. Da Kartaj ta ce tsibirinta ne, aka ce mata wannan magana shelar yaƙi ce, ta zaɓa: ko a koma fagen fama ko ta bar tsibirin ta ƙara talanti 1,200. Ta biya. Folibiyus, Bagirken marubucin da ya ci abinci a gidan manyan Rumawa kuma yake ƙaunarsu, bai iya ɓoyewa ba, ya ce wannan ƙwace ya saɓa wa adalci. A riƙe wannan, don daga baya Rumawa ne za su mayar da "alƙawarin mutumin Kartaj" karin maganar da ke nufin yaudara.

Hamilkar Barka, uban Hanibal, da wannan takaici ya haye Sifaniya a 237 don ya gina wa Kartaj sabon ƙarfi da azurfar can. An ce kafin su tashi ya kai yaron, yana ɗan shekara tara, gaban abin yanka ya rantsar da shi cewa ba zai taɓa zama abokin Rum ba. Yana da kimanin shekara 26 ragamar runduna ta dawo hannunsa. Ya kewaye garin Sagunto na Sifaniya wata takwas, Rum ta ce garin ƙawarta ne, yaƙi na biyu ya ɓarke a 218.

Nan ne bidiyon yaron ya fara, kuma ban ga laifinsa ba da ya ji daɗi. Hanibal ya taso ta ƙasa da giwaye 37, ya ƙetare tsaunukan Alfis ana shiga sanyi, ya sauka Italiya da dakaru 20,000 da barade 6,000 kacal. Ya ragargaza Rumawa a kogin Tirebiya, ya yi musu kwanton ɓauna cikin hazo a bakin tafkin Tirasimin a 217, shekarar da ciwo ya cinye masa ido ɗaya a fadama. A watan Agusta na 216 Rumawa suka tara masa mutum sama da 80,000 a Kanne. Ya bar tsakiyar sahunsa tana ja da baya da gangan, Rumawa suka kutsa suna murna, ɓangarorin biyu suka naɗo su, baradensa suka rufe ta baya. Ƙofar rago sosai. Marubuta sun saɓa a kan adadin matattu, daga 48,000 zuwa 70,000, a wuni ɗaya, da takobi da mashi. Har yau ana koyar da dabarar a makarantun soja.

Sai me? Ƙanensa Mago ya kai zobban zinariya da aka zare daga yatsun manyan Rumawa ya zube su a gaban majalisar Kartaj. Wani dattijo mai adawa da gidan Barka, shi ma Hanno sunansa, ya tambaye shi ko Rumawa sun aiko neman sulhu. Mago ya ce a'a. Dattijon ya ce to yaƙi na nan inda yake. Ba na son wannan tsoho, don ya yi adawa da aika wa ɗan ƙasarsa taimako, amma lissafinsa daidai ne. Rum ta ƙi ko fansar 'ya'yanta da aka kama, ta sayi bayi 8,000 ta ba su makamai. Ita da ƙawayenta na Italiya suna da maza sama da 700,000 da za su iya ɗaukar makami. Hanibal ya yi shekara 15 a Italiya ba a ci shi a babban yaƙi ba, amma rijiya yake kwarfa da ludayi. A 207 aka kashe ƙanensa Hasdurubal da ya kawo masa gudummawa, aka jefo masa kansa cikin sansani. Wani matashin Barume, Sifiyo, ya ƙwace Sifaniya, ya haye Afirka, dole aka kira Hanibal gida. A 202 aka ci shi a wani wuri mai suna Zama. Sunan ya yi daidai da bakinmu, don daga nan ƙarfin Kartaj ya zauna.

Kafin in wuce, maganar "namu" da yaron ya yi tana buƙatar gyara. Hanibal a Afirka aka haife shi, kakanninsa sun yi ɗaruruwan shekaru a can, Tunisiya ta sa hotonsa a takardar kuɗinta, ba mai ƙwace mata shi. Amma Kartaj ba uwa ce ga 'yan ƙasar da ta tarar ba. A lokacin yaƙin farko rabin amfanin gonar manoman Libiya take karɓa. In kuwa ɗan asalin ƙasa ake nema a labarin nan, ga shi: Masinisa, sarkin Numidiya, yankin Aljeriya ta yau. Baraden Numidiya ne suka taya Hanibal rufe ƙofa a Kanne, kuma baraden Masinisa ne suka taya Sifiyo rufe ta a Zama. Ɗan Afirkan da ya fi kowa cin ribar yaƙin nan da Rum ya yi kasuwa. Wannan ba ya shiga bidiyo, don ba ya sa a yi tafi.

Yanzu mu zo inda nake so a tsaya. Sulhun 201 ya ce Kartaj ta bar duk abin da ta mallaka a wajen Afirka, ta miƙa giwayenta, ta miƙa jiragen yaƙinta ban da guda 10, ta biya talanti 10,000 cikin shekara 50. Azurfa tan 260 ke nan. Sai sharuɗa biyu da suka zama igiyar rataya: ba za ta yi yaƙi da kowa ba, ko a cikin Afirka, sai da izinin Rum, kuma za ta mayar wa Masinisa duk ƙasar da ta taɓa zama ta kakanninsa. Wace ƙasa ce a yankin nan ba ta taɓa zama ta kakannin wani ɗan Numidiya ba, tunda mutanen Kartaj baƙi ne da suka zo ta teku? Ba a shata iyaka ba.

Kartaj ta cika alƙawari. Hanibal da kansa ya ja wani mai jawabi daga kan mumbari lokacin da yake zuga jama'a su ƙi sulhun. A 196 aka zaɓe shi shugaban gari, ya toshe hanyoyin da manya ke satar kuɗin baitulmali, ya nuna cewa za a iya biyan Rum ba tare da ƙara wa talaka haraji ba, ya sa alƙalan majalisar mutum 104 da ke zama har mutuwa suka koma wa'adin shekara ɗaya. Waɗanda ya taɓa wa tuwo suka kai ƙararsa Rum. Ya gudu a 195, ya yi ta yawo daga fadar wannan sarki zuwa waccan, har Rumawa suka biyo shi Bitiniya, a ƙasar Turkiyya ta yau, ya sha guba wajen 183. Birnin kuwa ya farfaɗo da noma da ciniki. A 191, shekara goma kacal bayan sulhu, Kartaj ta ce za ta biya sauran bashin gaba ɗaya. Rum ta ƙi karɓa. Mai bin bashin da ya ƙi karɓar kuɗinsa ba kuɗi yake so ba, so yake kullum a riƙa zuwa ana durƙusa masa. Kartaj ta riƙa aika wa rundunonin Rum hatsi a yaƙe-yaƙensu na gabas. Ba ta tsallake biya ko ɗaya ba har ta kammala a 151.

Duk tsawon wannan lokaci Masinisa na gutsurar ƙasarta. Yau wannan kwari, gobe waɗancan garuruwa na gaɓar teku. Kartaj ba ta da ikon ɗaga sanda, sai ta kai ƙara Rum. Rum ta turo 'yan sasanci, su zo su duba, ko su ba Masinisa gaskiya ko su koma ba su ce komai ba. Gaba kura baya sayaki. A cikin irin wannan tawaga ne, wajen 153, wani tsoho mai suna Kato ya je Kartaj. Ya haura shekara 80, ya yi yaƙi da Hanibal yana saurayi. Ya zaci zai tarar da kango, sai ya ga gonaki kore shar, kasuwa cike, samari ko'ina.

Da ya koma, yana cikin jawabi a majalisa sai ya karkaɗe rigarsa, 'ya'yan ɓaure suka zubo ƙasa, manya, lafiyayyu, ɗanyu. Dattawa suka shiga yaba kyansu. Ya ce musu ƙasar da ta fitar da waɗannan tafiyar kwana uku ce kawai a jirgi daga Rum. A duba hujjar da kyau. Bai kawo takobi ba, bai kawo wasiƙar makirci ba, ɓaure ya kawo. Laifin Kartaj shi ne ta yi arziki kuma tana kusa. Daga ranar, duk abin da aka tattauna, ko gyaran hanya ne ko kuɗin hatsi, Kato sai ya rufe jawabinsa da cewa shi dai ra'ayinsa kada a bar Kartaj ta wanzu. Akwai wani babba, Sifiyo Nasika, da ke rufe nasa da cewa a bar ta, amma ko shi ba don tausayi ba ne: tsoronsa in babu abokin gaba Rumawa za su sangarce su juya wa juna. 

A 150 tura ta kai bango, Kartaj ta fitar da runduna ta tari Masinisa, kuma ta sha kashi. Mai neman kuka an jefe shi da kashin awaki. Rum ta ce an karya sulhu. Kartaj ta firgita, ta yanke wa jagororin yaƙin hukuncin kisa, ta aika jakadu suka miƙa wuya baki ɗaya. Majalisar Rum ta ce madalla, za a bar muku 'yancinku da dokokinku da ƙasarku da dukiyarku, in kun kawo 'ya'yan manyanku 300 jingina kuma kun bi umarnin da shugabannin runduna za su ba ku. Wasu daga cikin mutanen Kartaj sun lura cewa a jerin abubuwan da aka ce za a bar musu ba a ambaci birnin ba. Amma suka kai yaran bakin teku, uwaye na kuka suna riƙe igiyoyin jirage. Rundunar Rum ta sauka a Utika, wani gari kusa da Kartaj, aka ce a kawo makamai. Amalanke bayan amalanke, sulke da kayan yaƙin mutum 200,000 da injinan harba duwatsu 2,000. Sai da aka ƙirga aka adana, sannan shugaban runduna, Sensorinus, ya faɗi umarni na ƙarshe: ku fita daga birnin, za mu rushe shi, ku je ku gina wani duk inda kuke so, muddin ya yi nisan kimanin kilomita 15 daga teku.

Ka ce wa masunci ya koma tudu, ka ce wa mai jirgi ya nisanci ruwa, ka ce wa mutum ya bar kaburburan kakanninsa na shekara 600. An jera buƙatun ne ɗaya bayan ɗaya don kada a faɗi ta ƙarshe sai hannunsu babu ko wuƙa. Wannan ba aikin mai jin tsoro ba ne. Mai tsoro gaggawa yake yi. Wannan aikin wanda ya zauna ya tsara ne.

Mutanen da aka ce 'yan kasuwa ne matsorata suka rufe ƙofofi. Suka 'yanta bayi, suka mayar da wuraren ibada maƙera, maza da mata dare da rana, kullum takubba 300 da masu 500. Mata suka yanke gashin kansu aka tufka igiyoyin injinan harbi. Garin da aka karɓe wa makami ya tsaya shekara uku. Sai da Rum ta karya dokarta ta zaɓi wani Sifiyon, jikan na Zama ta hanyar riƙo, alhali shekarunsa ba su kai ba. Ya datse bakin tashar jirage, yunwa ta shiga gari. A bazarar 146 suka fasa ganuwa. Tituna uku ne ke hawa daga kasuwa zuwa tudun Birsa, gidaje masu hawa shida dama da hagu. Aka yi ta yaƙi ɗaki-ɗaki, ana shimfiɗa katako daga soro zuwa soro. Sifiyo ya sa aka cinna wuta. Kwana shida da dare shida. Masu share hanya don dawakai su wuce suna jan mutane da ƙugiya suna cusawa a ramuka, matattu da masu sauran numfashi, tsofaffi da yara da suka ɓuya a ɗakuna. A rana ta bakwai mutum 50,000 suka fito, aka sayar da su. Jagoran gari ya je ya faɗi a ƙafafun Sifiyo, matarsa ta la'ance shi daga saman haikali ta faɗa wuta da 'ya'yanta.

An ce Sifiyo ya yi hawaye yana kallon wutar, ya kama hannun Folibiyus ya ce yana tsoron wata rana a yi wa garinsu haka. Marubutan Turai na son wannan wuri, suna cewa ya nuna zurfin tunaninsa. Ni abin da na gani shi ne mutum ya kashe kuma ya zo ta'aziyya, kuma ko kukan ma na gidansu yake yi. Maganar barbaɗa gishiri a ƙasar, da ake yawan faɗa, babu ta a rubutun mutanen da. Daga baya aka ƙirƙiro ta. Abin da aka yi na gaske bai buƙatar ƙari.

Na san abin da za a ce mini. Za a ce tsoron Rumawa na gaske ne: kusan kowane gida ya rasa wani a hannun Hanibal, iyaye mata da sunansa suke tsorata yara. Za a ce Kartaj ta gina wata tashar jirage mai siffar zobe, wadda har yau ana ganin shatinta, mai ɗakunan jirage da suka ninka goman da aka yarje mata sau da yawa. Za a ce ita ta fara karya sulhu. Na yarda tsoron na gaske ne. Amma wanda ya fi ƙarfi shi ya rubuta sulhun da ba a iya kiyayewa, shi ya saki maƙwabci a kanta, shi ne alƙali, shi ne mai zartarwa. Kuma ranar da amalanken nan suka sauke makamai a Utika, duk wata hujjar tsaro ta mutu. In tsoron Hanibal ne dalili, wane Hanibal ne a birnin Korinti na Girka, wanda Rumawa suka ƙone suka sayar da mutanensa a wannan shekara ta 146?

Za a kuma ce mutanen Kartaj suna yanka jarirai wa gumakansu. An tono tukwane masu ɗauke da ƙonannun ƙasusuwan jarirai a wata maƙabartarsu, masana na jayayya a kai, kuma da yawa sun yarda an yi. Abin ƙyama ne, ba na kare shi. Suna kuma gicciye sarakunan yaƙinsu da suka sha kashi. Amma Rumawa ba don ceton jarirai suka je ba, su da suka cusa yara a rami da ƙugiya, su da bayan Kanne suka binne mutum huɗu da rai a kasuwar shanu ta Rum, Girkawa biyu da Galawa (mutanen Gol, yankin Faransa ta yau) biyu, don neman yardar gumakansu.

Duk lokacin da na karanta labarin Utika sai Libiya ta faɗo mini. A Disamba 2003 Gaddafi ya sanar da watsi da shirinsa na manyan makamai, aka yi ta yabonsa, a 2011 jiragen NATO na shawagi a samansa, kuma mu da ke kudu da hamada mun ga inda ƙananan makaman ƙasar suka kwarara. Ba na cewa abu ɗaya ne. Ba a rushe Tarabulus an sayar da mutanenta ba, kuma Gaddafi na da nasa laifin a kan mutanensa. Kamanceceniyar a wuri ɗaya take: alƙawarin da aka yi wa wanda ya ajiye makami a hannun mai ƙarfi yake, kuma babu kotun da za a kai shi.

Masinisa bai ga ƙarshen wasan ba, ya mutu a 148 yana da wajen shekara 90, kuma ƙasar da ya yi rabin ƙarni yana kwaɗayi ba a ba 'ya'yansa ba. Rum ta mayar da ita lardinta, ta raɗa mata suna Afirka. Daga wannan lardi ne sunan ya bi ta Ifriƙiyyar Larabawa da taswirorin Turawa ya rufe nahiyar duka, har ya iso bakin yaron maƙwabcina. Jikan Masinisa, Yugurta, a kurkukun Rum ya mutu a 104 bayan an zaga gari da shi cikin sarƙa. Tsoron Nasika ma ya tabbata: shekara 13 bayan wutar Kartaj aka kashe Tiberiyus Girakus, ɗaya daga cikin waɗanda suka fara haura ganuwarta, a tsakiyar Rum, a hannun 'yan majalisa, kan rikicin rabon gonaki.

Na koma wurin mai shayi bayan kwana biyu na ba su wannan labari a taƙaice. Yaron ya ce, "To Kawu, su mutanen Kartaj ɗin me suka ce? Ai an ce a ji ta bakin kowa." Babu bakin da za a ji. Kusan duk abin da na faɗa a sama daga Folibiyus yake, wanda ke tsaye kusa da Sifiyo, da Lifi da Afiyan da suka rubuta a ƙarƙashin daular Rum. Hanibal ya tafi yaƙi da marubutansa, Sosilus da Silenus, ayyukansu sun ɓace sai gutsattsari. Ɗakunan karatun Kartaj an raba wa sarakunan Numidiya, ba a sake jin ɗuriyarsu ba. Harshen ya daɗe a bakin manoman karkara har sama da shekara 500 bayan haka, sannan ya mutu.

Aiki ɗaya tak majalisar Rum ta ba da umarni a fassara zuwa Latin: littattafai 28 na wani masanin noma, shi ma Mago, kan dashen zaitun da inabi da kiwon shanu da zuma. Su ma ba su iso mana ba sai abin da marubutan Rum suka tsinto suka saka a nasu. Ɗaya daga cikinsu ya adana mana jumlar da Mago ya buɗe aikin da ita, inda yake cewa wanda ya sayi gona ya sayar da gidansa na birni.